Tabar Malam a Gindin Randa

Ku matso, jikokina, ku ba ni kunne. Jiya na ji ƙanshin ganyen taba a kasuwar Batsari, sai kakanku ya faɗo mini.

A Runka, yakan jiƙa tsumma ya matse, ya naɗe tabarsa, ya ajiye a gindin randa. Wata rana na yayyafa mata ruwa, ta yi hunhuna. Ya ce, “Haba tsohuwa, sanyi take so, ba wanka ba.”

Da ya rasu, kullum nakan jiƙa tsumman, don kada ƙanshinsa ya bar ɗakin. Ranar da 'yan bindiga suka koro mu, na manta ta. Da na koma, ta bushe ta zama gari.

Shi yana kwance can, ni ina nan. Allah ya sanyaya makwancinsa.