Gurbin da Zakka Ya Sa Aka Kulle

Zakka mai hoto ya tsufa a bakin barikin Shadawanka. Duk sojan da za a tura daji sai ya biya shagonsa ya ɗauki hoto, amma ba ya karɓa. Wai ba a karɓar hoto kafin tafiya, sai an dawo. Zakka kuwa ya adana su a kwamfuta, yana taƙama da cewa ko na mutum ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba.

Matsalarsa ɗaya, yatsu. Ga su da kauri, ga ido ya fara rauni. Kullum da safe sai ya yi ta dambe da kalmar sirri, 'ya'yan kwastomomi kuma su zo su danne madannai su ƙara dagula masa lissafi. Da abin ya ishe shi, ya kira Abdulbaqi, wanda ya haɗa masa manhajar adana hotunan, ya ce a kulle gurbin rubuta kalmar sirrin nan gaba ɗaya: kalmar ta zauna a ciki, kada kowa ya iya rubutawa ko gogewa, shi dai ya danna ya shiga. Abdulbaqi ya ja kunnensa, Zakka ya ce shi ba ɗalibinsa ba ne. Aka kulle.

Rannan wuta ta zo da ƙarfi ta taɓa kwamfutar. Mai gyara a Wunti ya tashe ta, hotuna na nan cikin manhaja, amma gurbin ya dawo wayam. Zakka ya san kalmar sarai, sunan mahaifiyarsa ne. Ya danna, ya sake dannawa, ko ɗigo bai fito ba. Abdulbaqi kuwa ya bar gari tuni, layinsa ba ya shiga.

A wannan makon Christabel ta shigo. An kashe mijinta John, wani sojan barikin, a daji, jibi za a yi masa addu'a a coci. Hoton da ya ɗauka riƙe da jaririyarsu take so, don ba su da wani na su biyun tare.

Zakka ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kira duk wanda ya san Abdulbaqi, ya hau keke har jami'ar da ke Gubi yana tambayar ɗalibai, ya dawo da gumi kawai. Ya sake zama gaban kwamfutar yana buga sunan uwarsa har yatsunsa suka yi zafi. Christabel tana nan zaune a benci.

Can ta miƙe, ta gyara goyonta.

"Baba, to ka faɗa mini kawai. Ya yi murmushi a hoton?"

Zakka ya runtse ido ya nemi fuskar John. Kaki kawai yake gani, kaki bayan kaki.

"Ya yi, 'yata," in ji shi.

Ta yi masa godiya har da durƙusawa, ta fita.