Dikten Baban Ummi

'Yan uwa, ashe marigayi maigidana ɗalibi ne ban sani ba!

Yau da la'asar Mesiye Hamadu, mai koya wa 'yata Ummi darasi a gida, ya yi sallama. Tun rasuwar babanta ta ƙi zama ta yi karatu, ga jarrabawar CEP ta gama firamare ta matso. Tana jin muryarsa ta shige ɗaki.

Ya miƙo min wani littafin rubutu, ya ce, "Hajja, na Alhaji ne."

Na ce, "Alhajin da yake zama bakin ƙofa yana sa muku ido?"

Ya ce, "Wane sa ido! Dikte yake yi tare da mu, ina faɗa yana rubutawa. Wai ya gaji da neman mai karanta masa takardun jandarma a hanyar Ngong."

Na buɗe. Uku bisa ashirin! Biyu bisa ashirin! A wani shafin an rubuta da jan biro: "Alhaji, ban da leƙen littafin Ummi."

Ina karantawa da ƙarfi, sai ga Ummi da gudu. "Wallahi Mama, sau uku ina kama shi!"

Muka yi dariya har da hawaye. Ta ɗauko bironta ta zauna.

Dikten Alhaji na ƙarshe layi biyu kawai ya rubuta. Mesiye bai gyara ba har yanzu.