Mutumin da Bai Ƙaryata Baƙinsa Ba

Gohram, mijin yayata Durnaz, ya tsufa yana yi wa 'yan Karachi dakon tantuna a kan jakuna zuwa magangarar ruwan da ke ƙuryar kwazazzabonmu, amma bai taɓa ganin ruwan da idonsa ba. Akwai matsi a hanya inda jaki ba ya wucewa. A nan yake zama gadin dabbobinsa, yana dafa shayi, yana gasa gurasa a jikin dutse mai zafi.

A wurinmu Balochawa ba a wasa da hal: wanda ya dawo daga wuri zai zauna ya ba da labarinsa daga kai har ƙafa, ba ƙarya, wanda ya karɓa kuma ya kai gaba yadda ya ji. Su baƙin birni ina ruwansu da wannan. Su fito a jiƙe suna haki, wannan ya ce tsayin ruwan ya kai hasumiya, wancan ya ce ya fi. Gohram ya haɗa duka ya kai kasuwar Khuzdar. Kafin furfura ta gama rufe gemunsa, ruwan nan ya yi tsawon da sai tsuntsu ya huta a hanya kafin ya kai samansa.

Na sha miƙa masa hoton ruwan a waya. Sai ya kau da kai ya ce, “Kai tafi can, ƙanin mata. Waya ɗiyar wa ce da zan karɓi hal a bakinta?”

Da gwiwoyinsa suka fara gardama, ya ce shi fa yana so ya ga ruwan nan kafin a rufe shi da ƙasa. Na kama hannunsa muka shiga matsin, muna tafe muna hutawa. Da muka iso kwanar ƙarshe, ƙarar ruwan na cika kunne, sai bakina ya yi kaikayi.

“Yaya, kada fa ka sa rai da yawa. Bai fi bishiyar dabino ba.”

Ya tsaya cak. Ya juyo ya ce, “In na gani, dole in faɗa.”

“To ka faɗa mana!”

“In mayar da baƙina maƙaryata? Mutanen da suka ci gurasata?”

Sai ya kwance rawaninsa ya naɗe idanunsa tamau. Na yi faɗa, na yi roƙo, har gemunsa na kama yadda ake magiya a wurinmu, kamar da dutse nake magana. Haka na ja shi har ƙarƙashin ruwan, ya tsaya da tufafinsa yana karkarwa yana dariya. Wallahi haushi da tausayi suka haɗu suka kama ni.

Da muka dawo, dattawa suka baza tabarma suka nemi hal. Ya ce, “Na je. Yana da sanyi, yana da ƙara, ya jiƙa ni har ƙashi.” Suka ce tsayinsa fa? Ya ce bai gani ba.

Bayan sun watse ya jawo hannun rigata, ya rage murya.

“Kai ɗan banza, ban tambaye ka tsayi ba. Yana da kyau?”

“Yana da kyau, Yaya.”

“To na karɓa,” in ji shi, ya share ido da bakin rawaninsa da bai gama bushewa ba.