Tudun Yaya Sabo

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sabo makwancinsa, Allah Ya jiƙansa. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da na so in bar bana ta wuce ban ce komai ba. Abin da na gani makon jiya a Tarauni ne ya hana ni.

Yaya ya daɗe yana aiki a Amurka, har 'yan Gyadi-Gyadi suka laƙaba masa Ba'amurke. Can ya kamu da son besbol, wasan da ake jefo wa mutum 'yar ƙwallo, ya make ta da kulki, ya zagaya fili a guje. Babban takaicinsa maƙwabtansa 'yan Meksiko. Ya ce duk Lahadi sai su cika filin besbol na unguwa, su jera jakunkuna a matsayin raga, su hau buga tamaula, shi da abokansa Amurkawa suna tsaye baki buɗe. "Suna da besbol a ƙasarsu fa!" yakan ce, yana tafa hannu. "Amma da sun ga ƙwallon ƙafa, sai ka ce an yi musu asiri." Nakan ce, Yaya, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Sai ya ce in rufe masa baki.

Da ya dawo gida, dattawa suka ba shi aron wani fili a Tarauni. Ya share shi, ya tara jar ƙasa a tsakiya ya yi ɗan tudu, inda mai jifa ke tsayawa. Yara suka cika wurin, don akwai lemo da biskit. Amma da ya juya baya, wallahi ƙwallon nan tasa mai taurin dutse suke bugawa da ƙafa. Bala, ɗan gaban goshinsa a cikinsu, har farce ya fasa a kanta.

Balan nan, yanzu magidanci mai tuƙin adaidaita, shi ya zo ya ɗauke ni makon jiya. Innalillahi! Raga biyu, 'yan kallo har kan katanga, ga ƙyalle an rubuta Gasar Kofin Sabo Ba'amurke. Kofin ƙwallon ƙafa, jama'a! Da sunan mutumin da ko a talabijin aka kunna sai ya tashi ya bar ɗakin! Ina cikin salati na hango tudun, yana nan tsakiyar fili, 'yan wasa na ta tuntuɓe da shi. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa shi.

"Baba, dalilin kawo ka ke nan," in ji Bala. Ya ce masu shirya gasa na hukuma sun ƙi yi wa filin rajista sai an baje tudun. Filin da ba rajista kuwa, tuni masu son gina shaguna suka fara zawarcinsa. "Mu dai hannunmu ba zai iya ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Me Yaya zai ce in ya ga haka? Na san zai yi faɗa, ya kira su 'yan Meksiko, ya ƙi amsa gaisuwa. Sai dai na tuna yadda yake korar masu zubar da shara a wurin da kulkinsa, yana cewa yaron da ba shi da wurin gudu zai nemi wurin lalacewa. Ban taɓa jin ya ce sai gudun besbol ba.

Wasansa dai ya bi shi kabari. Kulkin ma, matarsa ƙofar kicin take tokarewa da shi. Abin da ya rage fili ne, da magidantan da suka yi shekaru suna faɗuwa a kan tulin ƙasa don kunyar mamaci.

Na ce a miƙo mini shebur. Na yi saran farko, Bala ya juya baya yana share ido, sannan matasa suka kwashe ƙasar a baro suka cike ramin gaban raga da ita.

Yaya, ka yafe mini. 'Yan Meksikonka sun yi nasara, amma ba a gina shago a filinka ba.