Abin da Lalle Ya Rufe Mini

A lokacin ni mai sayar da shayi ce a kasuwar Suk al-Shabi, bakin tashar motoci. Ban yi boko ba, kuma ban san tsoro ba. Kamar kowace matar aure a Omdurman, ƙafata ba ta rabuwa da lalle, baƙi wuluk har tafi. Shi ya sa ban san ranar da wani tabo ya fito a dugadugina ba. Sai da ya fara jini ƙanwata ta ja ni asibiti. Suka yanki ɗan nama don bincike, bayan mako biyu aka ba ni takarda da Turanci, aka ce in kai wa likita.

Ban kai ba. Na miƙa wa wani direba mai shan shayina. Ya duba wayarsa, ya ce ana maganar ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma duk inda ya ga sunansu yana ganin saratan, wato ciwon daji. Ya ce Allah ya sawwaƙe Hajja, ya tafi bai ƙarasa shayinsa ba. Hankalina ya tafi har na ƙone da garwashi. Na ga an sare mini ƙafa, na ga 'ya'yana ba uwa. Na cusa takardar ƙarƙashin gwangwanin sukari, na sake dafka lalle a kan tabon don kada in gan shi. Wata uku ina haka, ina ramewa.

Ƙanwata ce ta tsinci takardar. Ta ce ni da ke korar 'yan daba da ludayi, yau takarda ta kore ni? Ta ja ni wurin wata likita. Likitar ta ce kowa yana da waɗannan ƙwayoyi, sunansu kawai ba hukunci ba ne. Amma nawa sun fara lalacewa, kuma da na zo da wuri, da yanka kaɗan ya isa. Sai da aka ɗebe rabin dugadugin, aka yi faci da fatar cinyata.

Ina ɗingishi, amma da ƙafata nake taka ƙasa. 'Yan uwana mata, wanda ya yanki naman shi ya san karatun takardar, ba direba ba. Kafin ku ƙunsa lalle, ku duba tafin ƙafarku. Ni na daina. Mata na tambaya ko takaba nake yi. Nakan ce a'a, gudun kada a yi makokina ne.