Sandar Wada

Wada mutumin Madarumfa ne, ƙanen Shu'aibu maƙeri. An ɗebe shi soja lokacin babban yaƙin Turawa, ya yi shekaru yana ɗaukar batir ɗin rediyo a bayan wani sarsan, wato sajan soja, Bafaranshe. A bakin sarsan ɗin ya ji cewa amfer, ma'aunin wutar da ke cikin batir, sunan mutum ne, wani masani da ya binciki yadda wutar ke bin waya. Mutumin ya daɗe da mutuwa, amma kullum ana ambatonsa. Maganar ta zauna wa Wada a rai.

Ya dawo gida da ɗingishi da naɗin wayar jan ƙarfe. A lokacin, da wuya damina ta wuce aradu ba ta ƙone rumbun wani ba. Wada ya ce ya ga maganinta a bariki: a kafa sandar ƙarfe a sama, a ɗaura mata waya har cikin ƙasa, in aradu ta faɗo sai ta bi wayar ta nutse.

Shu'aibu ya ƙera masa sandar yana tsaki. Wada ya kafa ta bisa rumbun gidansu, ya binne bakin wayar.

"Wata rana duk ƙasar nan za a riƙa cewa sandar Wada," in ji shi. Mutane suka yi dariya.

Ashe idon Shu'aibu na kan jan ƙarfen. Ranar da Wada ya tafi gona, ya datse wayar daga ƙarƙashin jinka, ya ƙera warwaro, ya kai kasuwar Ɗan Issa.

Bayan kwanaki hadari ya taso da la'asar. Inde, matar Wada, tana gindin rumbun tana ɗibar gero. Aradu ta faɗo bisa sandar, ta rasa hanyar ƙasa. Rumbun ya kama da wuta, Inde kuwa ko shurawa ba ta yi ba.

Da aka dawo daga kushewa, Wada ya tona tokar, ya tsinci guntun wayar da shaidar saran kurfin maƙera a bakinsa. Ya kai wa wansa, gaban masu zaman makoki.

"Yaya, ina sauran?"

"Sauran me?" in ji Shu'aibu. "Kai ka kira aradu har gida. Ka kashe yarinyar mutane, ka ƙone mana abinci, kuma ni za ka tuhuma?"

Babu wanda ya karɓi guntun ya duba.

Sunan kuwa ya bi gari. Rijiyar da ta rufta, maganin da ya ƙara ciwo, jakin da ya halbi mai shi, duk sandar Wada ake ce musu, har garin Safo. A gabansa ma ana faɗi.

Wada ya koma bakin tabki ya yi bukka, yana kamun kifi. In ya shigo gari hadari ya taso, babu zauren da ake bari ya fake, don an ce aradu na bin sa. Haka yakan tsaya a fili ruwa ya ƙare a kansa, mutane na leƙen sa ta ƙofa. Wata damina sanyi ya kama masa ƙirji. Masunta suka tarar da shi a bukkar ya riga ya cika.

Shu'aibu ya gaji gonarsa. Ya shuka gyaɗa, ta kuwa yi kyau a shekarar.