Kalar da ke Kan Kwali

Kawuna bakanike ne. A layin masu gyara Mai Kwali ake ce masa, domin kowace mota aka kawo, kafin ya taɓa sifana sai ya tura farin kwali ƙarƙashinta ya jira ta ɗiga. Baƙi, man inji ne. Ja, man giya. Kore, ruwan lagireto. Sai ya ɗauki kwalin ya shige gida ta ƙofar baya, wai zai yi nazari.

Abin da mutanen layin ba su sani ba shi ne, idon Kawu bai taɓa raba ja da kore ba. Nazarin nan duk Inna ce, matarsa. Ya nuna mata kwali, ta faɗi kala ba tare da ta ajiye ludayi ba, ya fito yana gyaran murya. Tun aurensu haka suke, kuma ya gwammace gareji ya ƙone da a ji wannan magana a waje.

Ina hutun jami'a a gidan aka kawo wata motar tsere mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, tana tafe hayaƙi na bin ta. Mai ita saurayi ne da baƙin tabarau.

“Baba, sun ce sai an sauke inji.”

“Su wa?”

“Kowa ma.”

“To, Kowa ya gyara maka mana.”

Kawu ya gwada leƙa ƙarƙashinta, tumbi ya ce bai san zancen ba. Ya tura kwali. Ta ɗiga. Ya shinshina, ga mura ta toshe masa hanci. Ya nufi gida, na bi bayansa da kofin shayinsa.

Ashe ranar Inna fushi take. Koren yadi ta ce ya sayo mata, ya dawo da wani ja wur kamar garwashi, ya kuma rantse kore ne shar, wai ita ce ba ta san kaya ba.

“Uwargida, sarautar mata, ɗan duba mini nan.”

Ta dubi kwalin, ta dube shi.

“Kalar yadin da ka sayo mini ce.”

“Haba, ki faɗa mini dai.”

“Ai na faɗa. Ba kai ka san kaya ba?”

Ya juyo wajena. Na sunkuyar da kai cikin kofin shayi, don Inna ta riga ta harare ni.

Ya fito tsakar gida yana magana shi kaɗai. “Kore ke nan. Lagireto. Ruwa na shiga inji, shi ya kawo hayaƙi. A sauke inji.” Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ya dangwali ɗigon, ya murza a yatsu. Santsi gare shi, ba na ruwa ba. Ya daɗe yana kallon yadin da ke shanye a igiya. Sannan ya koma ƙofar kicin, ya cire hula.

“Uwargida. Yadin nan… ja ne ko?”

“Sai yau?”

“Ja ne. Na yi kuskure.”

“Ƙara faɗa, ban ji ba, tukunya na tafasa.”

Ya ƙara, da ƙarfi. Inna ta ɗaga ludayi ta nuna masa hanya.

A waje ya sa aka ɗaga motar da jak. Tiyon man giya ne ya tsage, yana ɗiga kan salansa mai zafi, man na ƙonewa. Hayaƙin ke nan, inji lafiyarsa ƙalau.

“Baba, ya aka yi ka gane?”

“Nazari, samari. Kana ganin jan nan ka san giya ce.” Ya shafa murfin motar. “Ka dai riƙa lallaɓa ta. Jar mota irin wannan ba ta son wahala.”

Saurayin ya cire tabarau, ya dubi motarsa koriya shar, ya dubi Kawu.

Kawu ya gane ya kwafsa. Ya yi tari, ya ɗaga murya: “Uwargida! A fito a ga motar baƙo mana!”